Ƙananan jam'iyyu sun ci moriyar intanet, sai su kare ta a majalisa

Mutanen Filato sun daɗe da sanin daɗin juya wa manyan jam'iyyu baya. A 1979, lokacin da NPN ta kama mulkin tarayya, Solomon Lar na NPP suka zaɓa gwamna. A 2023 Peter Obi na LP ne ya zo na ɗaya a jihar da ƙuri'u sama da 460,000, alhali gwamnan lokacin, Simon Lalong, shi ne babban daraktan kamfen ɗin Bola Tinubu. A zaɓen da aka sake a Fabrairun 2024, mazaɓar Jos ta Arewa da Bassa, wadda unguwar Gada Biyu ke cikinta, ta tura Daniel Asama na LP Majalisar Wakilai, Filato ta Arewa kuma ta ba Pam Dachungyang na ADP kujerar sanata. Galibin waɗannan nasarori na baya-bayan nan a kan wayar hannu aka gina su, domin ƙaramar jam'iyya ba ta da kuɗin sayen lokaci a talabijin ko cika fili da motocin haya. Saboda haka ina ganin duk jam'iyyar da ta hau kan intanet ta shiga majalisa, bashin kare ta yana wuyanta, kuma masu cin abinci da intanet ne ya kamata su bi wannan bashi.

Su wane ne masu cin abincin? Wanda ya tsaya a Gada Biyu zai gan su tun daga bakin tasha: mai POS a ƙarƙashin lema, mai gyaran waya, mai sayar da data, da yarinyar da ke tallan atamfa ko dankalin Turawa a WhatsApp. A bayan waɗannan akwai matasan da suka koyi rubuta manhaja a wurare irin su nHub ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, suna yi wa kamfanonin Legas da na ƙetare aiki daga cikin ɗakunansu. Da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba inshorar lafiya, ba ƙungiyar ƙwadago. Da kuɗinsu suke sayen kwamfuta da man janareta idan JED ta ɗauke wuta, kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025 daga aljihunsu yake fita. Idan layi ya yanke ranar da aka yi alkawarin miƙa aiki, mai aikin da ke Turai ba ya jiran bayani, wani zai ba.

Barazanar yanke layin kuwa ba zato ba ce. A Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, har ministan shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu zagayawa ta VPN. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk bisa umarnin ɓangaren zartarwa. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi. An yi masa kwaskwarima a 2024, amma kamen bai tsaya ba. Jam'iyyar da ke mulki ba za ta yi gaggawar ajiye irin wannan makami ba, babbar 'yar adawa kuma tana sa ran gadonsa, domin a zamaninta aka yi dokar. Ƙananan jam'iyyu ne kawai buƙatarsu ta zo ɗaya da ta mai POS.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce tsaro, kuma a Jos ba a wasa da ita. Binciken da BBC ta wallafa a 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar ramuwar gayya a Filato cikin Yunin 2018. Duk wanda ya rasa ɗan'uwa yana da haƙƙin tambaya ko 'yancin rubutu ya fi rai. Sai dai tarihin garin bai goyi bayan rufewa ba. Rikicin Satumban 2001 ya ɓarke ne kafin a ƙirƙiro Facebook ko Twitter. Kisan matafiya a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021, wanda ya jawo dokar hana fita ba dare ba rana a Jos ta Arewa, ya faru ne Twitter na rufe. Jita-jita tana tafiya a baki ko da babu layi, amma ƙaryata ta, da gargaɗin wace hanya za a kauce wa, da kiran jami'an tsaro, duk sai da layi. Maganin mai tunzura jama'a shi ne a gurfanar da shi a gaban alƙali, a kuma tilasta wa kamfanonin su ɗauki masu tace saƙonni da suka ji Hausa da Birom da sauran harsunanmu.

Wasu za su ce ƙananan jam'iyyu ba su da yawan da za su yi doka, kuma 'ya'yansu ba sa zama. Akwai gaskiya a nan, domin a Disamban 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai na LP daga Filato sun koma APC, aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Amma wannan yana nuna illar zaɓen fuska ne ba tare da sharaɗi ba. Game da yawa kuwa, ƙudirin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015 da na Sanata Mohammed Sani Musa na 2019, waɗanda aka yi wa laƙabi da dokar taƙaita kafafen sada zumunta, duk sun mutu ne saboda matsin lambar jama'a a zaman sauraron ra'ayi da wajensa. Ɗan majalisa ɗaya da ya san abin da yake yi zai iya gabatar da ƙudiri, ya nemi a kira shugabannin NCC su yi bayani, ya sa a san inda kowa ya tsaya.

Don haka kafin zaɓen 2027, masu gyaran waya da masu POS da masu rubuta manhaja na Gada Biyu da kewaye su haɗa kai su miƙa wa duk ɗan takarar LP ko PRP ko ADC ko NNPP buƙatu uku a rubuce. Na farko, dokar da za ta hana katse layi ko rufe wani dandali sai da izinin kotu da wa'adi sananne. Na biyu, a mayar da ƙarar ɓata suna ta intanet shari'ar neman diyya, a raba ta da ofishin 'yan sanda. Na uku, a sanya ma'aikatan da ake ɗauka ta intanet cikin dokar ƙwadago, da takardar yarjejeniya da hanyar bin haƙƙi idan an hana su kuɗinsu. Wanda ya sa hannu a bainar jama'a, ko ya sauya sheƙa takardar tana nan a tuhume shi da ita. Wanda ya ƙi kuwa, ya gaya wa masu zaɓe tun da wuri cewa bambancinsa da manyan jam'iyyu a alamar takardar ƙuri'a ya tsaya.