Takardar likita shaida ce, ku ji tsoron Allah a kanta

Ya ku ƴan'uwa masu girma, tunatarwarmu ta yau a kan takardar hutun rashin lafiya ce.

Allah Maɗaukaki ya sauƙaƙa wa mara lafiya ba tare da neman takarda ba: ya sha azumi ya rama, ya yi salla a zaune, ya yi taimama in ruwa zai cutar da shi, domin Shi masanin ɓoye ne. Mai aiki kuwa ɗan Adam ne, bai san gaibu ba, sai ya nemi hujja. Dokar ƙwadago ta Nijar, ta 25 ga Satumba 2012, ta tanadi cewa idan likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar da ciwo, ana jingine yarjejeniyar aiki har wata 6, ma'aikaci bai rasa gurbinsa ba. Ashe abincin iyali guda yana rataye da sa hannun mutum ɗaya.

Kai ma'aikaci, idan ka karɓo takarda alhali lafiyarka lau, don ka je shuka ko cin kasuwa, albashin waɗannan kwanaki haram ne, kuma ka jawo wa mai ciwon gaske zargi.

Kai likita, alƙalaminka shaida ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai. Rubuta ciwon da babu zur ne, tauye kwanakin wanda ke jin jiki zalunci ne.

Kai mai aiki, ka san ƙasarmu. Wanda zazzaɓin damina ya kayar a ƙauyen Kornaka ko Sabon Mashi yakan tarar da majo a ƙaramin asibiti, likita kuwa sai an kawo shi Dakoro. Idan takardarsa ta makara, ka yi masa uzuri, kada ka mai da doka wuƙar yanke masa albashi. Mai gadi da yaron shago da ba su da rubutacciyar yarjejeniya, su ma haƙƙinsu yana wuyanka.

Wanda ciwo ya kama, ya aika wa mai aikinsa tun ranar farko, ya nemi takarda da zarar ya samu iko, ya adana ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsarkake mana abincinmu. Wallahu a'alam.