Babur Daban, Adaidaita Daban

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, wai duk wanda ya iya babur to ya iya Adaidaita Sahu, tunda ita ƙafa uku gare ta, ba ta faɗuwa. Ni kam na ce ƙarya ne, kuma wannan ƙaryar ta kwantar da bayin Allah da yawa a asibitin ƙashi na Dala.

Bari mu ɗan waiwaya. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da kekunan nan Kano don mata su huta da hawa bayan ɗan acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a cikin birni. Samari bila adadin suka wayi gari ba sana'a. Mai hali ya sayar da babur ya cika kuɗi ya sayi keke, marar hali ya karɓi ta wani yana kawo balas kullum. To wa ya zaunar da su ya koya musu? Da yawansu zagaye biyu suka yi a filin ƙwallon unguwa, kashegari sai ga su a Bata cike da fasinja. Har yau kuma haka yaran da suka taso a kan babur ke shiga sana'ar.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, shi babur in za a sha kwana kwantar da shi ake yi, mahayi da abin hawa su karkata tare, da haka yake riƙe ƙasa. Ita ko keke ba ta kwanciya. Juya kanta ake yi da ƙarfin damtse, nauyinta kuma sai ya tafi waje, kishiyar inda aka nufa. In gudu ya yi yawa tayar baya ta ciki sai ta ɗaga sama, daga nan sai wuntsilawa. Tsohon ɗan acaɓa ya shigo shataletale da gudun da ya saba, ya kwantar da kafaɗa yana jiran keke ta bi shi, ita kuwa ko a jikinta. Da ya ji ta fara tashi sai ya zuro ƙafa waje zai dafa ƙasa kamar yadda jikinsa ya saba. Ƙafar mutum ce za ta tare ƙarfe da mutum huɗu da buhun masara? Haba malam! Sabo dai turken wawa ne.

Sannan ga yaudarar gaba. Taya ɗaya ce a gabanta, siririya kamar ta babur, shi ya sa in ya hango 'yar kafa tsakanin tirela da motar haya sai zuciya ta raya masa zai wuce. Kai ya wuce, baya ya maƙale, gwiwar matar mutane ce a bakin ƙofa. Rami ma haka. Babur layi ɗaya yake bi, ka kauce shi ke nan. Keke sawu uku take ajiyewa, ka kuɓutar da ta gaba ta baya ta faɗa, mai juna biyu ta yi sama ta dawo.

Na san abin da za a ce. Za a ce talauci ne, mai keke na jiran balas da magariba, fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Gaskiya ne, wallahi ban musa ba. Amma tsadar fetur ce ta ce ka ɗora ƙato biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, har gwiwar hannunka ta rasa wurin motsi, alhali a hannun nan giya da kuloci da totur suke? Kuma hukuma da ƙungiya da ba sa mantuwa da kuɗin tikiti, me ya hana su ware ko da mako guda a koya wa sabon shiga shan kwana da taka birki kafin a ba shi lamba? Karɓa suka iya.

Wanda ya fi ba ni haushi ma shi ne mai keken. Alhaji ko Hajiya sun zuba maƙudan kuɗi sun sayo Bajaj ko TVS sabuwa dal, an kawo musu yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Za su tambayi gidan ubansa, su tambayi wanda zai tsaya masa, su tsayar da nawa zai riƙa kawowa. Da an zo batun tuƙi sai mai kawo shi ya ce ai tun yana firamare yake jan babur, Hajiya ta ce to madalla, ta miƙa mukulli.