ZANE MA ILIMI NE

A kowace shekara nakan tarar da ɗalibi ɗaya ko biyu waɗanda bayan littafinsu cike yake da zane: saniya a bakin rijiya, babbar mota ɗauke da buhunan albasar Aliero, ko fuskar malamin lissafi. Mu malamai mukan yi musu faɗa, iyaye kuma su ce wasa ne. Ni a ganina mun yi kuskure. Irin wannan yaro ya kamata a nuna masa hanyar jami'a, domin a can ne baiwarsa za ta sami tushe.

Wani zai ce, wanda ya riga ya iya zane me za a koya masa? Amsa ita ce, iyawar hannu dabam, sani dabam. A Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ba a barin sabon ɗalibi ya fara da abin da ransa ke so. Sai a ajiye masa tulu ko kujera, ya yi ta zanawa da fensir har ya gane inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta. Ya koyi awon jikin mutum, da haɗa launi, da sarrafa yumɓu, da tarihin masu zane na gida da na waje. Sannan a kafa aikinsa a bango, malamai da 'yan ajinsu su faɗi aibinsa a gabansa. Bayan wannan horo ne zai zaɓi fanninsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma a ɗauka cewa zanen zamani kwaikwayon Turawa ne. A shekarar 1958, tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya. Malamansu galibi mutanen Ingila ne. Samarin suka ce za su karɓi dabarun da ake koya musu, amma za su haɗa su da fasahar iyayensu. Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Grillo ya yi tagogin gilashi masu launi a majami'un Legas. Nwoko kuwa shi ya tsara ginin majami'ar 'yan Dominikan ta Ibadan.

To, mu a Gumbin Kure da kewaye me muka rasa? Ku shiga kasuwar Jega ku dubi zanen ƙwarya, da aikin wuyan riga, da saƙar tabarma, da adon dukawa a jikin fata. Duk wannan gado ne da ke jiran wanda zai yi karatunsa. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane a ƙauyensu, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Na san damuwar iyaye ita ce abinci, kuma suna da gaskiya. Ba kowane mai zane ne zai yi arziki ba, ko da yake a 2018 an sayar da wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Amma wa ke tsara hotunan littattafan makaranta, da zanen atamfa, da allunan talla? Wa zai koyar da zane a makarantunmu?

Saboda haka, ya ku ɗalibai masu wannan baiwa, ku riƙe darasin zane har jarrabawar ƙarshe, kada kuma ku yi sakaci da Turanci. Ku sami littafi guda na zane kawai, ku riƙa zana abin da kuke gani kullum, ku zauna wurin masu sana'a ku yi tambaya. Iyaye kuma, kafin ku yaga takardar yaro, ku tsaya ku dube ta da kyau.

Allah ya yi mana jagora, amin.