Allura a asibiti, tuwo a Unguwar Kanawa

A yawancin asibitocin gwamnati na Kaduna, ciyar da majinyaci nauyin danginsa ne. Ga mai ciwon sukari, wannan al'ada ganganci ce. Allurar insulin da ake yi kafin cin abinci takan fara aiki cikin minti 30. Idan aka yi ta alhali kular tuwo ba ta baro Unguwar Kanawa ba, sukarin jini kan faɗi, sai gumi da karkarwa, wani lokaci har suma. In kular ta iso kuma, tuwon shinkafa ne da kunu mai zaƙi, babu wanda ya auna. Wajibi ne asibitin da ya rubuta allura ya rubuta wa dangi abincin, da adadinsa, da lokacin kawo shi.