Kafin ka buɗe laftof, je ka wuni a shagon

1/ 'Yan kwamfuta, ku zo mu yi magana kan yadda muke rubuta buƙatun mutum kafin mu haɗa masa manhaja. Ni dai a ganina yawancinmu cika takarda kawai muke yi. 🧵

2/ Lokacin SIWES kawuna ya ce in yi masa manhajar lissafi ta shagonsa na kayan masarufi. Na ce Kawu me kake so ta yi? Ya ce kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Na zauna na rubuta shafi 9 a tsarin IEEE 830 da aka koya mana, ya sa hannu. Ko layi ɗaya bai karanta ba, da Turanci ne.

3/ Sati 3 ina fama. Ran da na kai, yaron shago ya danna nan ya danna can, ya ce: "Yaya, wanda ya ɗauki taliya sai ƙarshen wata fa, ina zan sa shi?" Wallahi babu wajen. Ashe bashin yana cikin wani tsohon littafi a ƙarƙashin kanta. Kawu bai faɗa ba, don a wajensa wannan ba abin faɗa ba ne. Ga shi buhu suke sarowa su sayar mudu-mudu, ni kuwa "adadi" kawai na sa.

4/ Shi ya sa na koma hanyar su Kent Beck, ɗaya daga cikin mutum 17 da suka fitar da sanarwar Agile a 2001: kowace buƙata a ɗan kati, a bakin mai amfani. "Ni yaron shago, ina so in rubuta wanda ya ci bashi, don Alhaji ya gani da yamma." A bayan katin ka rubuta yadda za a gane ta yi: in ya biya rabi, saura ya fito.

5/ Ban ce a watsar da dogon kundi ba fa. Aikin banki ko asibiti, ko kwangilar da gobe za a iya musu a kanta, dole a rubuta komai dalla-dalla.

6/ Amma shago? Na koma na wuni biyu ina kallon ciniki, na fito da kati 14, na karanta musu da Hausa. A na 6 yaron ya tsayar da ni, wai wayarsa ba kullum take da data ba. 😅