Ƙarfen da Ƙashi Yake Kamawa

Wata uwa ta aiko mini da takarda, ta ce 'yarta mai ciwon sikila ta soma ɗingishi, likita kuma ya ce kan ƙashin cinyarta ya mutu, sai an sa mata ƙarfe. Hankalinta ya tashi ƙwarai. To, ku matso ku ji, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Gaɓar kwatangwalo kamar turmi da taɓarya take. Kan ƙashin cinya shi ne taɓaryar, ramin ƙashin ƙugu shi ne turmin. In jini ya daina isa kan taɓaryar, yadda yakan faru ga masu sikila, sai ya mutu ya lotsa. A 1962 wani likita a Ingila, John Charnley, ya daidaita dabarar musanya su: taɓarya ta ƙarfe, turmi na roba mai tauri.

Amma kun san turmi ma yakan cinye. Bayan shekaru robar takan zaizaye, ɓurɓushinta ya sa jiki ya riƙa cin ƙashin da ke kewaye, har turmin ya rasa mazauni. Saboda haka wadda aka yi wa aiki da ƙuruciya, mai yiwuwa ne a sake mata wata rana. Nan ake bukatar ciko. Akan cike gurbin da ƙashi, amma tun ƙarshen shekarun 1990 akwai wani ƙarfe, tantalum, da ake ƙerawa da ƙananan ƙofofi kamar soso, har kusan kashi 80 cikin ɗari nasa rami ne. Sai a ɗaure guntunsa a gurbin da sukurori. Ƙashi mai rai ya yi ta kutsawa cikin ƙofofin kamar saiwa cikin ƙasa, har su kama juna. Dutsen ƙarfen nan kuwa ana haƙo shi a Kwango da Ruwanda, har da nan Nijeriya.

Ke uwar yarinya, kada ki kai ta wurin mai ɗori. Ba raina shi na yi ba, wannan dai ba karaya ba ce, jinkiri kuma ƙara lalata gaɓar yake yi. Ki nemi likitan ƙashi, kamar na Asibitin Dala a Kano. In an yi aikin, ki raba ta da tsuguno da zaman tabarma sai likita ya yarda, salla ma ta yi ta a kan kujera mai tsayi.