Motocin lantarki a ƙananan hukumominmu: A fara tambayar batir kafin a sayi mota

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, duk wanda ya san sakatariyar ƙaramar hukuma ya san halin da motocin gwamnati suka shiga. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A wurare da yawa motar kwashe shara ta zama matattarar awaki, motar asibiti kuwa ba ta tashi sai dangin majinyaci sun yi karo-karon kuɗin mai. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka fara jin masu cewa lokaci ya yi da ƙananan hukumomi irin su Anka da Gummi da Bukkuyum za su koma ga motoci masu aiki da lantarki. Ina goyon bayan wannan shawara, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne maƙasudin wannan rubutu.

Da farko dai, kada mai karatu ya ɗauka wannan tatsuniyar Turawa ce. A watan Afrilun 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir. A Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya 107 da gwamnatin Babagana Zulum ta samar, cikinsu har da tasi 50 masu lantarki. Idan Borno da ta sha fama da yaƙi ta iya, Zamfara ba ta da hujjar naɗe hannu.

Mu ma muna da dalilinmu na musamman. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka tare da taƙaita sayar da shi a gidajen mai. Wanda ya zauna a yankin nan a lokacin ya san cewa mai na iya yankewa dare ɗaya. Rana kuwa ba a rufe ta da doka, ba a zuƙe ta da tiyo a sayar a bakin titi, ba a kuma ɗura ta a jarka a kai daji.

To amma masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Motar lantarki ba ta da amfani sai da wurin caji, kuma kowa ya san yadda wutar da muke samu daga layin Kaduna take, yau akwai, gobe da jibi babu. Ƙaramar hukumar da ta sayi mota sannan ta riƙa tayar da janareta mai shan dizal don ta yi mata caji, ta yi tufka da warwara ke nan. Dole ne a fara kafa faifan sola da rumfar caji a sakatariya da babban asibiti, kafin a kawo ko da keke ɗaya. Haka kuma a fara da abin da ke zagayawa cikin gari ya dawo ya kwana wuri guda: keken kwashe shara, baburan masu allurar rigakafi da malaman gona, da motar raba magani. Motar da ke ɗaukar mai naƙuda daga Gummi ta bi ta Ɗaki Takwas da Anka zuwa Gusau a bar ta da manta tukuna, domin wannan ba hanyar da za a yi gwaji da ran mutum ba ce. Jif ɗin shugaban ƙaramar hukuma kuwa, shi ya kamata ya zo a ƙarshen layi.

Yanzu ga babban sharaɗin. Kekuna da babura masu araha da yawa da ake shigowa da su batirin dalma suke amfani da shi, irin na motocinmu na yau da kullum, ba na litiyom ba. Irin wannan batir yana saurin mutuwa, balle a zafin bazararmu. Idan ya mutu ina za shi? Hannun 'yan gwangwan, waɗanda za su fasa shi, su zubar da ruwan a ƙasa, su narkar da dalmar a bayan gida.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a yi musu lacca kan dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Kuma kada a ce batir daban, zinare daban: a 2008, a wata unguwa da ke bayan birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka mutu sakamakon narkar da tsofaffin batura. Zai zama abin kunya a ce dalmar da aka kwashe daga tsakar gidajenmu da ƙyar, mu ne muka sake sayo ta da kuɗin jama'a da sunan ci gaba.

Don haka ina kira ga kansiloli da daraktocin ayyuka da sarakunanmu da su tsaya kan abu uku kafin a sa hannu a kowace kwangila. A rubuta nau'in batir ƙarara, a fifita na litiyom ko da ya fi tsada. A wajabta wa ɗan kwangila karɓar duk batirin da ya mutu, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai ya cika alkawari. Sannan a horar da makanikanmu na gida, domin kada ƙaramar matsalar waya ta sa a jira injiniya daga Legas wata uku.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da kuɗin suka iso hannu yadda ya kamata, dillalai za su yi layi da takardu masu ƙyalli. Wanda ya zo mana da mota, mu tambaye shi inda batirinta zai kwana bayan ya mutu. In ya kasa amsawa, ya koma da kayansa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba na baya.